Enka, Waƙar Kewa ta Japan: Gadon Kakanni Ce ko Shigar Gargajiya Ta Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A fim ɗin Kill Bill na ji wata waƙar Japan da mace ta rera bayan faɗan da aka yi cikin dusar ƙanƙara, ta tsaya mini a rai. Da na neme ta a YouTube sai ga irinta birjik, yawancinsu na shekarun 1970, mata cikin kimono, maza cikin kwat, kowa yana waƙa kamar zai fashe da kuka. Mene ne sunan irin wannan waƙa? Ta gargajiya ce da suka gada kaka da kakanni, kamar ta makaɗan fada a wurinmu? Kuma me ke sa su kuka haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sunan abin da kike ji enka. Waƙar da ta kama ki ita ce Shura no Hana, Kaji Meiko ta rera ta a 1973 don wani fim na ramuwar gayya da ita ce jarumarsa, shekara 30 kafin Ba'amurken da ya shirya Kill Bill ya aro ta ya saka a nasa. Ki riƙe sunan wanda ya tsara kiɗan, Hirao Masaaki, domin rabin amsarki yana wurinsa. A 1958 wannan bawan Allah saurayi ne mai tashe a Tokyo, yana tsalle a dandamali da jita a rataye, yana bin salon Elvis Presley, 'yan mata na ta ihu. Shi ne dai, bayan shekara 15, ya zauna ya tsara waƙar da kike jin kamar daga zamanin samurai ta fito.

Saboda haka a'a, ba gadon kakanni ba ce. Japan tana da kiɗan gado na gaske. Akwai gagaku, kiɗan fadar sarki, wanda ya haura shekara 1,000 ana miƙa shi daga uba zuwa ɗa, shi ne ya fi kusa da makaɗan fadar da kike nufi. Akwai min'yo, waƙoƙin manoma da masunta da masu dakan shinkafa, kowane yanki da nasa. Akwai rokyoku, labari mai tsawo da mutum ɗaya ke bayarwa cikin waƙa, ana kaɗa masa shamisen, wani abin kiɗa mai tsirkiya uku da ke ɗan kama da molo. Enka ta ɗebi ruwa a rijiyar biyun ƙarshe, amma a ɗakunan ɗaukar sauti na kamfanonin faifai aka haife ta. Marubuci daban, mai tsara kiɗa daban, mawaƙi daban, kowa da kwantiraginsa da kamfani. Ki sake sauraron kowace daga cikin waɗanda kika gani, ki bar muryar, ki bi kayan kiɗan: gogen Turawa jere guda, jita, fiyano, saksafon, ganguna irin na ƙungiyar jaz. Idan shamisen ko sarewar gora ta shakuhachi ta leƙo, sau da yawa ɗan yaji ne aka barbaɗa. Lokacin da kamfanonin Tokyo suka fara buga kalmar enka a matsayin sunan nau'in waƙa, a ƙarshen shekarun 1960, Shata ya daɗe da yin suna a nan ƙasar Hausa.

Kalmar kanta ta girmi waƙar, kuma wannan ne ke rikita mutane. A shekarun 1880, zamanin Sarki Meiji, masu fafutukar neman majalisa da 'yancin jama'a sun sha takura daga 'yan sanda kan jawabin siyasa a bainar jama'a. Sai suka mayar da jawabin waƙa, su tsaya a bakin titi su rera, su sayar da takardar baitocin. Wannan aka fara kira enka, wato jawabi a waƙe. Fitaccen su shi ne Soeda Azenbo, mai zambo ga masu mulki da masu kuɗi. Daga baya masu wannan sana'a suka riƙa ɗaukar gogen Turawa, siyasar ta ragu, soyayya ta shigo. Idan kin ji waɗancan ba za ki haɗa su da ta Kaji Meiko ba. Suna kawai suka bari.

Amon da kike ji kuwa, mutum biyu ne suka fi aza harsashinsa. Nakayama Shinpei, da waƙarsa Sendo Kouta ta 1921, da kuma Koga Masao, wanda a 1931 ya fitar da wata waƙa da sunanta kaɗai ya isa ya nuna miki hanyar da aka ɗauka: tambaya ce, shin giya hawaye ce ko ajiyar zuciya. Koga ɗan jita da mandolin ne, ya yi ƙuruciyarsa a Koriya lokacin tana ƙarƙashin mulkin mallakar Japan. Amma a zamaninsu ba wanda ya ce enka suke yi. Ryukoka ake cewa, waƙar yayi, daga baya kayokyoku. Ko Misora Hibari, wadda yau ake kira sarauniyar enka, da kiɗan bugi-wugi na Amurka ta fara faifai a 1949 tana 'yar shekara 12, ta rera jaz da Turanci, a 1967 ma ta fito da gajeren siket tana waƙa tare da wata ƙungiyar samari masu jitar lantarki.

To me ya faru? A 1966 Beatles, shahararrun mawaƙan Ingila, suka zo Tokyo. Matasa suka rungumi jitar lantarki, wasu suka koma waƙar da mutum ke rubuta wa kansa ya rera da kansa. Tsohon salon waƙar yayi, wanda da shi ne komai, ya wayi gari ya zama na iyaye da na talakan da bai shiga jami'a ba. Abin da ya zama ɓangare kuwa dole a raɗa masa suna. A daidai lokacin wasu marubuta suka tashi suna kare shi, suna cewa wannan waƙar ta mashaya da lungu, da masu boko ke yi wa kallon ƙasƙanci, ita ce muryar talakan Japan ta haƙiƙa. Marubuci Itsuki Hiroyuki yana kan gaba, ya ma rubuta ƙagaggen labari a kan haka a 1966. Sai ga Fuji Keiko a 1969, yarinya 'yar shekara 18, 'yar mawaƙan rokyoku masu yawo gari gari, fuska fara fat ba murmushi, murya a dushe kamar ta wadda ta kwana tana kuka. Kundinta na farko ya yi mako 20 a jere a saman jadawalin ciniki na Oricon a 1970, na biyun ya karɓe shi ya ƙara mako 17. Itsuki ya ce nata enka da harafin ƙullaci ya kamata a rubuta shi, domin a rubutunsu sauti ɗaya yana iya ɗaukar harafi daban da ma'ana daban. Daga nan sunan ya zauna daram, aka waiwaya baya aka lulluɓa shi a kan Koga da Hibari da sauransu, aka fara cewa enka ita ce zuciyar Japan. Wani malamin Jami'ar Osaka, Wajima Yusuke, ya bi diddigin wannan tiryan-tiryan a littafinsa na 2010, kuma a ganina hujjarsa ta tsaya. Fuji Keiko ɗin nan, af, ita ce mahaifiyar Utada Hikaru, wadda matasan Japan na ƙarshen shekarun 1990 suka haukace a kanta.

Amma kada ƙarancin shekarunta ya sa ki raina ta. Ni ban raina ta ba, kuma ga dalili. Kukan da kika tambaya a kai yana da masu shi.

Bayan yaƙin duniya na biyu, masana'antun Tokyo da Osaka da Nagoya sun buƙaci hannu, ƙauyukan arewa kuma suna da yara fiye da gonaki. Daga tsakiyar shekarun 1950 har 1975, duk ƙarshen watan Maris akan cika jiragen ƙasa na musamman da yaran da suka gama ƙaramar sakandare, 'yan shekara 15, a kai su birni aiki a ƙungiyance. Ƙwan zinariya ake kiransu, don arharsu da biyayyarsu. Waɗanda suka fito daga arewa maso gabas, yankin Tohoku, a tashar Ueno ta Tokyo ake sauke su, mai shago ko wakilin masana'anta yana tsaye da allo ɗauke da suna. Har waƙa aka yi wa tashar a 1964, shekarar da Tokyo ta karɓi gasar Olamfik. Bayan yaran akwai iyayensu maza. Idan ƙanƙara ta rufe gona sai manomi ya tafi birni aikin gini, ya dawo lokacin shuka. Dekasegi suke kiransa. Da aka fara yi mini bayaninsa ban bari an ƙarasa ba, na ce ai ci-rani ke nan, sai dai su sanyi ke korarsu, mu rani. Waɗannan mutane, da direbobin manyan motoci, da masunta, da matan da ke aikin dare a mashaya, su ne kasuwar enka. Mutum yana kwana a ɗakin ma'aikata, yana jin kunyar karin harshensa na ƙauye a gaban 'yan birni, ya san kuma ko ya koma, garin da ya bari ya sauya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kalmar furusato, garin haihuwa, da ta cika waƙoƙin nan, daga bakin wanda ya rasa shi take fitowa.

Na ga wannan da idona a shekarun da na yi a lardin Aomori, can arewacin Japan, ina koyon shamisen. Wani dare malamina ya ja ni wani ɗan wuri irin wanda suke kira sunakku, ɗaki ɗaya, kanta ɗaya, kujeru ba su fi 8 ba, da dattijuwa mai wurin da kowa ke kira mama. Ta san ba na shan giya, tun kafin in zauna ta ajiye mini shayi. Can wani tsoho manomin tuffa, yatsunsa duk sun kanannaɗe da aiki, ya karɓi makirufo ya zaɓi Kitaguni no Haru, waƙar Sen Masao ta 1977. A cikinta akwai wurin da uwa ta aiko wa ɗanta ƙunshi daga ƙauye, wai don a birni ba zai gane lokaci ya juya ba. Da tsohon ya iso nan sai muryarsa ta tsaya cak. Na'urar ta ci gaba da kiɗa, rubutun yana wucewa a talabijin, sai mutanen kanta suka ɗauke masa a hankali, ba wanda ya dube shi, har ya samu numfashi ya karɓa. Daga baya ya gaya mini ya yi hunturu kusan 20 yana aikin gini a Tokyo. Tsohuwarsa takan aiko masa da tuffa da kayan tsami a naɗe cikin jaridar garinsu. Ya ce kafin ya taɓa abincin, jaridar yake fara warwarewa ya shimfiɗa ya karanta, ko da ta wata biyu ce. Shi Sen Masao ya san da wa yake magana: da tsohuwar kwat da takalmin roba da tawul a wuya da tsohon akwati yake hawa dandamali ya rera ta, shigar ɗan ci-rani sak.

Yanzu ga yadda ake ƙera kukan, domin sana'a ce, ana koyonta shekara da shekaru a gidan mai tsara kiɗa, almajiri yana share gida yana ɗaukar jaka kafin a ba shi waƙa. Abu na farko matakan sauti. Kiɗan Turawa yana hawa matakai 7. A zamanin Meiji Japanawa suna ƙirga su da hi, fu, mi, yo, i, mu, na. Aka cire na 4 da na 7, yo da na, saura 5, aka kira tsarin yonanuki, wato an zare yo da na. Idan akwai fiyano kusa da ke, ki bi baƙaƙen maɓallan kaɗai, za ki ji nau'insa mai haske, kuma kunnenki ba zai baƙunce shi ba, don yawancin waƙoƙinmu na gargajiya ma a kan sauti 5 suke tafiya. Nau'in mai duhu shi ne na kuka: la, ti, do, mi, fa. A cikinsa akwai wurare biyu da sauti ke manne da ɗan'uwansa, sai kuma tazara mai faɗi, kamar mai tafiya yana jan ƙafa sannan ya yi tsalle. Wannan matsin ne ke sa ƙirji ya ɗaure tun ba ki san me ake faɗa ba.

Na biyu kobushi, kuma shi ne tambarin enka. Mawaƙi yana kan gaɓa ɗaya sai ya murɗa muryar da sauri, ta hau ta sauka ta dawo mazauninta, kamar an ƙulla zare an ja. Ya bambanta da karkarwar murya da ake ja a ƙarshen layi, ko da yake suna yin duka biyun. Daga min'yo da rokyoku aka gado shi, kuma a nan ne gargajiyar gaskiya take, a maƙogwaro. Ba mamaki, manyan mawaƙan shekarun 1950 irin su Mihashi Michiya daga min'yo suka fito, Minami Haruo da Murata Hideo kuma daga rokyoku. Wanda ya tashi da waƙoƙin fina-finan Indiya zai gane irin wannan murɗa nan take. Har wani Ba'indiye mai rawani, Chadha, ya yi tashe a Japan da enka a 1975. Bayan kobushi akwai gurnani daga ƙasan maƙogwaro, wanda Miyako Harumi ta shahara da shi, da kuma jinkiri: mawaƙi ya ƙi faɗawa kan bugun kiɗa, ya riƙe kalmar kamar ba ya son sakinta, sai a ƙurarren lokaci. Baitocin kuma galibi a kan awon gaɓa 7 da 5 suke, awon tsofaffin waƙoƙinsu na rubutu, shi ya sa ko sabuwar waƙa takan zo da ƙamshin da. Hawayen kansa wani lokaci na gaske ne. Hibari ta shahara da cewa in tana rera Kanashii Sake ta 1966, wadda Koga ya tsara, hawaye na zuba a kumatunta amma muryar ba ta kauce ko kaɗan. Abin da masu sauraro ke girmamawa ke nan, a ga ciwon a fili, a kuma ga an riƙe shi. Mai rushewa da kuka har waƙa ta lalace bai iya ba.

Idan za ki saurari guda ɗaya tak daga shekarun 1970, to ki nemi Tsugaru Kaikyo Fuyugeshiki ta Ishikawa Sayuri, wadda ta fito a faifai a farkon 1977, lokacin mawaƙiyar ba ta cika 20 ba. Ma'anar sunan, yanayin hunturu a mashigin tekun Tsugaru, ruwan da ya raba babban tsibirin Honshu da Hokkaido. Miki Takashi ya yi kiɗan, Aku Yu ya rubuta. Saksafon ne ke buɗe ta da wata irin ƙara kamar iska ta bugo ƙofa. A layi biyu na farko marubucin ya ɗauko mace daga tashar Ueno a jirgin dare ya sauke ta a Aomori cikin ƙanƙara, tafiyar sama da kilomita 700, bai ɓata kalma ɗaya ba. Ki lura da alƙiblar. Hanyar da ta kawo yaran nan birni ita ce wannan, amma an juya ta. Daga tashar ta shiga jirgin fito zuwa Hakodate da ke Hokkaido, kusan awa 4 a kan ruwa, cikin taron masu komawa arewa da ba mai ce wa kowa uffan. Wani baƙo ya nuna wa na kusa da shi tsinin ƙasa na Tappi da yatsa, ita kuma ta goge tagar da numfashi ya dushe, ba ta ga komai ba sai hazo. Ba a gaya mana wane ne namijin ba, ba a gaya mana me ya yi ba. Abin da ya fi burge ni shi ne ita ce ta yi sallama, ita ce ta sayi tikiti. Tana kuka, amma tana tafiya.

Na je Tappi. Iskar wurin sai ka dafa wani abu kafin ka tsaya sosai. Akwai dutsen tunawa da waƙar a kan tudu, da jan maɓalli a gabansa. In ka danna, sai muryar Ishikawa ta tashi da ƙarfi, kuma daga baiti na biyu take farawa, wanda ya ambaci wurin. Ina tsaye wasu dattawa mata suka sauko daga motar yawon buɗe ido, ɗaya ta danna, suka jeru suna bin waƙar, iska na fizgar gyalensu, Hokkaido na can tsallake kamar inuwa. A ƙarƙashin ƙafafunmu kuma ramin jirgin ƙasa na Seikan ne, mai tsawon kusan kilomita 54, wanda buɗe shi a watan Maris na 1988 ya kawo ƙarshen jiragen fiton da waƙar ke magana a kai. Ɗaya daga cikinsu, Hakkoda Maru, yana ɗaure a gaɓar Aomori an mai da shi gidan tarihi.

Shi wannan Aku Yu, ki san ba mutumin enka kaɗai ba ne. Baitocinsa sun ci babban kambun faifai na Japan shekara uku a jere: 1976 da enkar Miyako Harumi, Kita no Yado kara, 1977 da waƙar Sawada Kenji ta 'yan birni, 1978 da waƙar rawa ta 'yan mata biyu, Pink Lady, a kan jirgin halittun sama. Alƙalami ɗaya ne. Haka Erimo Misaki da Mori Shinichi ya ci kambun da ita a 1974, Yoshida Takuro ne ya tsara ta, jagoran matasan da ake ganin su ne kishiyoyin enka. Katangar ba ta kai tsayin da ake zato ba.

Akwai ɓangaren da ba na so, kuma tunda mace ce ke tambaya ba zan tsallake shi ba. Kusan duk baitocin maza ne suka rubuta, da yawa kuma maza ne ke rerawa da bakin mace. Enkar da ta fi kowace ciniki, Onna no Michi ta 1972, wato hanyar mace, ta sayar da kwafi sama da miliyan 3, kuma wani mai gashin baki ne, Miya Shiro, daga ƙungiyar 'yan barkwanci, yake kukan macen da ta ba da komai aka yasar da ita. Shekara ta gaba Namida no Misao ta bi sawu da irin wannan zance. Macen waɗannan waƙoƙi ba ta fushi, ba ta tafiya, laifin ma kanta take ɗora wa, tana jira. Mafarkin namiji ne aka sa wa kimono. Ko Kita no Yado kara, mai daɗin gaske, mace ce a masauƙi a arewa tana saƙa wa namiji rigar sanyi da ta san ba zai sa ba. Shi ya sa nake fifita Fuji Keiko da Kaji Meiko, da matafiyar Tsugaru, don a muryarsu akwai ƙashi. Sannan giya ta cika waƙoƙin, kusan duk baiti na uku akwai kofi a hannun wani. Al'adarsu ce, a can aka haifi waƙar, gara ki sani tun yanzu kafin ki nemi fassara.

Yadda enka ta bazu ma ya dace da masu ita. Akwai rediyon waya, yusen, da ake ja wa mashaya da shaguna, mutane na bugo tarho su nemi waƙa, ta nan waƙoƙi da yawa suka yi suna a hankali ba tare da talabijin ba. Akwai nagashi, masu yawo da jita daga mashaya zuwa mashaya suna rera abin da aka biya, Kitajima Saburo da wannan ya fara a unguwar Shibuya kafin faifansa na 1962. Sai karaoke, ma'anarsa ƙungiyar makaɗa da babu kowa a ciki, wanda Inoue Daisuke ya fara ba da hayar na'urorinsa a Kobe a 1971. Shekarunsa na farko kusan kacokan na enka ne, magidanta bayan tashi daga aiki. A saman duka akwai Kohaku, gasar mata da maza da tashar NHK ke yi daren ƙarshen shekara, wadda a 1963 kashi 81.4 cikin 100 na gidaje masu talabijin a yankin Tokyo suka kalla. A shekarun da kike tambaya, mawaƙin enka ne galibi ke rufe taron. Enka ta kuma ƙetare teku. Kitaguni no Haru ta shiga harsunan Sin, Teresa Teng 'yar Taiwan ta zo ta yi sarauta a rediyon waya daga 1984 zuwa 1986. Da Koriya kuwa har yau ana jayayya kan wa ya ari na wani tsakanin enka da tasu waƙar, trot. Gwamnatin Koriya ta Kudu ta taɓa haramta shahararriyar waƙar Lee Mi-ja, Dongbaek Agassi, fiye da shekara 20, wai ta yi kalar Japan. Ni dai abin da na gani, a ƙarƙashin kamfanoni ɗaya da mulki ɗaya suka tashi tare, raba su sai dai a siyasa.

Ƙarshen zamanin ya zo kusan lokaci guda. Jirgin fito ya tsaya a 1988. A watan Afrilun shekarar Hibari, da ciwo ya riga ya ci ƙarfinta, ta yi babban wasanta a sabon filin Tokyo Dome. Sarki Hirohito ya rasu a Janairun 1989, zamanin sarautarsa da ake kira Showa ya rufe, a watan ne kuma waƙar Hibari ta ƙarshe, Kawa no Nagare no Yo ni, ta fito. Ta rasu ranar 24 ga Yuni tana da shekara 52, aka ba ta lambar girmamawa ta ƙasa, mace ta farko da ta samu. 'Ya'yan waɗancan yaran na tashar Ueno a birni aka haife su, ba su da ƙauyen da za su yi kewa, karaoke ma ya koma ɗakunan haya na matasa. Enka ba ta mutu ba. Hikawa Kiyoshi ya farfaɗo da ita a 2000, a 2008 kuma wani baƙar fata ɗan Pittsburgh, Jero, wanda ya koye ta a wurin kakarsa Bajapaniya, ya hau dandamalin Kohaku da hular hana sallah. Amma masu sayenta yanzu galibi masu furfura ne.

Bayan ta Tsugaru, ki nemi Fuji Keiko tana rera Keiko no Yume wa Yoru Hiraku, a bidiyon 1970 in kin samu, ki kalli idanunta. Sannan ki ajiye Funauta ta Yashiro Aki, ta 1979, sai dare ya yi, gida ya yi tsit. Yashiro, wadda direbobin manyan motoci suka ɗauka tamkar tasu, ta rasu a ƙarshen Disambar 2023. A wannan waƙar, ita ma Aku Yu ya rubuta, an juya al'adar: mace ce ke rera zancen namiji, yana zaune a wata 'yar mashayar bakin tashar jiragen ruwa, ba ya son ado, ba ya son surutu, fitila ma ya fi son mai dishi-dishi. A tsakiyarta kiɗan zai ja baya, taku ya ɓace, ta shiga karin wata tsohuwar waƙar mutanen bakin teku da ake kira Danchone-bushi, kusan muryarta kaɗai. Ki kasa kunne a wannan gutsuren, ki ƙirga sau nawa ta murɗa gaɓa ɗaya kafin ta sake ta, sannan gogunan su dawo.